Daminar Baba Absalom

Kafin motocin makaranta su fara danna hon a bakin ƙofa, Baba Absalom ya riga ya zagaya harabarmu. Yana tafe da tsani a kafaɗa, jakar kayan aiki a hannu, yana tsayawa a gindin kowane bango ya karkata kunne. Na'urorin sanyaya ɗaki yake saurare, waɗanda kowa a nan ke kira esi. Aikin da aka ɗauke shi ke nan: mai gyaran esi na rukunin gidajenmu da ke Mesaimeer, a kudancin Doha. In ya ji wata tana tari, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Hajiya, ta ɗakin yara ta kwana da mura, zan dawo mata da hantsi." In kuwa duk lafiyarsu ƙalau, sai ya jingine tsani, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi ɗaya aikin, wanda babu wanda ya sa shi.

A tsakiyar gidajen akwai wani fili da bai fi faɗin falo uku ba. Ciyawa ce shimfiɗe a kansa, koriya shar, ƙiri-ƙiri irin ta filin ƙwallon makarantun gida. Zogale ya yi layi a gefe, ga lalle, ga yakuwa da kuɓewa, ga na'ana'a da ɗaɗɗoya a tsofaffin bokitan fenti. Baƙon da ya shigo daga titi, inda babu komai sai kwalta da farin yashi, yakan tsaya turus. Na sha ganin masu kawo gas sun ajiye tukunya suna ɗaukar hoto.

Wannan ne karo na farko da na rubuta abin da ba malami ne ya sa ni ba, don haka in na yi tuntuɓe a yafe mini. Baba Absalom zai koma gida a ƙarshen wannan shekara, na jira in ga wani babba ya ɗauki biro, ban gani ba.

Mutumin Vom ne, a ƙasar Filato. Mahaifinsa mai kula da lambu ne a gidan wani Baturen kuza a Bukuru, kuma a bayansa ya tashi yana kwashe ciyawar da aka yanke. Ni kuwa tun ina ƙarama aka kawo ni Doha, saboda haka yawancin abin da na sani game da daminar ƙasarsu daga bakinsa na ji.

"Haulatu, ke ba ki san ciyawa ba," haka yakan ce mini. "A Vom, in Agusta ta yi, ba a shuka ciyawa, roƙonta ake ta yi haƙuri. Ka share ta ranar Asabar da langalanga, kafin ka dawo daga sujada ranar Lahadi ta ɗago kai tana yi maka dariya."

In ya fara wannan labari ba ya son a katse shi. Zai gaya maka yadda hadari ke haɗuwa a kan duwatsu bayan azahar, yadda ruwa ke dukan kwano har sai an daina hira an koma magana da hannu. Sai kuma ya ɗauke, rana ta leƙo, kowane ganye yana ɗiga. A lokacin ne, in ji shi, ake fitowa da kujera da gasasshiyar masara a zauna a ƙofar ɗaki, ba don komai ba sai don a kalli kore. Yara su yi ta zamiya a jiƙaƙƙiyar ciyawa har wandonsu ya rine, uwa tana faɗa daga kicin, faɗan da ita kanta ta san ba ya zuwa ko'ina. Piya ta faɗo da kanta. Reshen wardi in ka soka shi a ƙasa ka manta, wata rana za ka fito ka tarar ya yi fure. Uwar gida ba ta aiken kasuwa don ganyen miya, taku kaɗan ne daga murhu. "Mai lambu a can," in ji shi, "aikinsa ragewa ne. A nan ne na koyi lallashi."

Da tsada ya koya. Shekararsa ta farko a Doha, watan Mayu na kamawa jikinsa ya gaya masa lokacin shuka ya yi, kamar yadda yake gaya wa duk wanda ya tashi a gida. Ya kwance irin da matarsa ta ƙulle masa a leda, ya shuka a wannan fili, yana ta kallon sama. Abin da ya tsiro bai yi mako ba rana ta soye shi. "Ko akuya ba ta taɓa yi mini irin wannan ɓarna ba," in ji shi. Daga baya ya gane cewa a nan kalandar manomi a kife take: Oktoba ake shuka, a girbe da sanyi, sannan a yi ta fama kada abin da ya rage ya mutu da zafi.

Saura ruwa. Mai gidajen ya ce ruwan famfo na sha ne da wanka, ba na ciyawa ba, kuma Baba bai yi musu ba. Wata rana cikin Agusta, lokacin da iskar teku ke sa mutum ya jiƙe ko yana tsaye, yana kan tsani sai ruwan da esi ke zubarwa ya ɗiga masa a ƙeya. Ya tara a tafin hannu, ya ɗanɗana, babu gishiri ko kaɗan. Ya dubi bangon gidajen, kowane yana zubar da nasa a banza cikin yashi. Ya ce a ransa, ashe ana ruwa a Doha, ta jikin bango yake sauka. Da guntayen bututun da ake zubarwa a wurin aiki ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya, har suka taru a tankuna biyu da ya ajiye a inuwa. Da sanyi kuma, in an kashe esi, sai ya bi gida-gida yana karɓar ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Tun muna yara muke kiran tankunan nan daminar Baba.

Abin da wannan fili ya yi mana, kowa da nasa labarin. Anti Kaneng, ma'aikaciyar jinya ce kuma 'yar ƙasarsu, ta ce in ta taso daga aikin kwana ba ta iya barci sai ta fara zama a kan ciyawar nan ta miƙe ƙafa. Ummata ba ta taɓa sayen zogale ko yakuwa a kasuwar Abu Hamour ba. Duk amaryar da aka yi wa ƙunshi a harabar nan, da lallen Baba aka yi mata. A nan muke shimfiɗa tabarmi da Sallah, a nan ake dafa shinkafar Kirsimeti, kuma babu yaron da aka haifa a gidajen nan da bai yi faɗuwarsa ta farko a kan wannan ciyawa ba, ya tashi bai yi kuka ba. Ko ganye ɗaya Baba bai taɓa sayarwa ba. In ka yaba wata shuka sau biyu, washegari za ka tarar da 'yarta a gwangwani a bakin ƙofarka.

Kai ne, Baba, ka sa yaran da aka haifa a hamada suka san cewa ƙasa tana da ƙamshi. Kai ne ka sa iyayenmu, da suke dawowa daga aiki su rufe ƙofa kowa da sanyin ɗakinsa, suka fito suka san sunan juna.

A farkon wannan shekara ya ce gwiwoyinsa sun gaji da tsani, zai ajiye aiki ya koma Vom. Ba a jima ba mudir, wato manajan gidajen, wani mutumin Indiya mai yawan murmushi da wuyar sauya magana, ya tara iyayenmu. Ya ce wanda zai maye gurbin Baba daga kamfani zai riƙa zuwa, ya gyara esi ya tafi, ba ruwansa da lambu. Don haka za a kwashe ciyawar a shimfiɗa ta roba, wadda ba ta shan ruwa ba ta neman aski.

Washegari muka ga Baba ya fara raba bokitan na'ana'a, yana kai wa mutanen wasu unguwanni. Abbana, Alhaji Mijinyawa, ya tare shi da bokiti a hannu.

"Baba Absalom, rabon gado kake tun kana raye?"

"Gara in raba su da hannuna, Alhaji, da in ji labari a waya."

"To mu da muke nan fa? Ba za mu iya riƙe ta ba?"

Baba ya dube shi daga hula har takalmi. "Alhaji, kada ka ji haushi. Ku masu zama ne a kan ciyawa. Ban taɓa ganin ɗayanku a tsugune ba."

Abba ya yi dariya har ya riƙe bango. "Ka zage mu, Baba, kuma ban ga inda zan kai ƙara ba."

A daren nan ba a yi wata hira a gidajen ba sai wannan. Ƙarshe Abba da Anti Kaneng suka koma wurin mudir da roƙo ɗaya: a ba mu zafin bana. Baba ba zai taɓa lambun ba ko da ɗan yatsa, mu za mu yi komai, gayya kamar a gida. In Oktoba ta zo ciyawa tana raye, a bar ta. In ta mutu, ya kawo robarsa. Mudir ya yi murmushinsa ya ce ya yarda, da alama ya riga ya san yadda za ta ƙare.

Wanda ya fi shan wahalar wannan yarjejeniya Baba ne. Aka ajiye masa kujera a inuwar zogale, Anti Kaneng ta naɗa kanta 'yar sanda. "Da" take kiransa, kamar yadda ake kiran dattijo a yarensu.

"Da, ina ganin ƙafarka tana tura tiyo."

"Ƙaiƙayi take mini."

"To ta yi ƙaiƙayin ta wancan gefen. Yalla, maza mayar da ita ƙarƙashin kujera."

Ya zauna yana kallon Ummata tana tuge kuɓewa a zaton ciyawar banza ce, ya rufe ido yana motsa baki. Ba mu sani ba ko addu'a yake ko wani abu dabam. Duk da haka Mayu ta wuce lafiya, Yuni ma haka. Har mun fara tafiya da ƙafar masu lambu.

Sai aka ba da hutun makaranta. Kamar kowace shekara, iyalai suka ɗaure akwatuna suka nufi gida, wasu Kaduna, wasu Jos, wasu Yola. Kowa kafin ya fita ya yi abin da mai hankali ke yi: ya kashe esi, ya rufe ƙofa. Fiye da rabin gidajen suka yi shiru, mu dai bana ba mu je ko'ina ba. Babu wanda ya kawo komai a ransa, har ranar da Abba ya buɗe famfon tanki ya ji yana huci kawai. Mu 'yan ƙasar damina ne, a can cikin ranmu ruwa abu ne da ke zuwa da kansa. Ba mu taɓa haɗa kashe esi da ƙishin ciyawa ba. Cikin 'yan kwanaki gefen da ke jikin katanga ya koma launin buhu, kuma launin yana matsowa tsakiya.

Aka tambayi Baba yadda yake yi a sauran shekaru, tunda ba bana aka fara tafiya hutu ba. Ya ce an hana shi sa hannu, ya juya kai. Mai gadin ƙofa ne, wani ɗan Nepal da ya daɗe tare da shi, ya fasa maganar. Ya ce duk ranar Juma'a ta watannin zafi, in Baba ya dawo daga majami'a, da yake a nan ranar ake sujada, yakan ari motar ɗaukar kaya ya cika ta da jarkoki ya tafi masaukin leburori kusa da Asian Town. Can yana da abokai da suke tara masa ruwan esi a bokitai duk mako. Shi yake ɗorawa, shi yake saukewa, a ranar hutunsa guda ɗaya, cikin ranar da ko kyanwa ba ta fita. Shekara da shekaru.

Ummata ta zauna a bakin baranda. "Wato muna can Kaduna muna gudun ruwan sama," in ji ta, "kai kana nan kana jido?"

"Motsa jiki ne, Hajiya," in ji Baba, yana kallon ƙasa.

Anti Kaneng ba ta yi masa tsiya ba ranar. Ta shiga ɗaki ta fito da makullin mota.

Daga wannan mako abin ya zama na kowa. Ita ta jera bokitai a masaukin ma'aikatan jinya. Abba ya yi magana da 'yan gida bayan sallar Juma'a, mutanen majami'arsu Baba suka ji su ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Ranar Juma'a da la'asar sai ka ga motoci sun yi layi a ƙofarmu, manyan mutane da manyan riguna suna fito da jarkoki daga but. Motar Abba har yau warin danshi take. Wani abokinsa, Dakta Mas'udu, ya zo da ruwansa a 'yar gorar roba guda ɗaya, yana riƙe da ita da hannu biyu.

"Likita," in ji Anti Kaneng, "allura za ka yi mata?"

"Esi ɗaya gare ni, Sista, kuma marowaciya ce. Karɓi, kafin in fasa."

Baba dai yana kan kujerarsa. Sau ɗaya kawai ya karya doka, da baki. Ya ga muna ta zuba ruwa a kusurwar da ta bushe, ya kasa daurewa. "Ku bar wannan, ta tafi," in ji shi. "Ku ceci tsakiya." A wannan kusurwa kuwa ya fara dasa ciyawar tun farko. Muka bar ta.

Oktoba ta zo. Mudir ya aiko cewa zai shigo ranar Asabar da safe. Abba ya tashi da himma ya tura injin yankan ciyawa da kansa, layukan suka fito a karkace kamar hanyar maciji. Mudir ya iso da guntun ciyawar roba a hammata, samfurin da mai sayarwa ya ba shi. Duk muna tsaye, Baba yana zaune ya haɗa hannuwa a kan gwiwa.

Ciyawa dai tana raye. Ba ta kai ta hannun Baba kyau ba, amma koriya ce daga wannan gefe zuwa wancan, in ban da kusurwa ɗaya da ta yi sanƙo. Mudir ya taka zuwa tsakiya ya tsaya. Ƙamshin sabon yanka ya cika wurin. Ya ja numfashi, ya sake ja, murmushin nan nasa ya ɓace. Can ya ce a garinsu, a Kerala, in damina ta sauka sai an yi watanni ba a ga ƙasa busasshiya ba, kuma haka tsakar gidan mahaifiyarsa ke ƙamshi in an share ciyawa. Ya ce hutunsa kullum a Janairu yake faɗowa, ya manta rabon da ya ga ruwan garinsu.

Sai ya gyara murya, ya koma mudir, ya nuna kusurwar da ta mutu. "Wancan fa?"

"Wancan naka ne, mudir," in ji Anti Kaneng. "Mun bar maka don kada robarka ta yi asara."

Ya dube ta, ya dubi abin da ke hammatarsa. Ya taka har kusurwar, ya sunkuya, ya shimfiɗa guntun robar a kan sanƙon. Saura kaɗan ya rufe shi duka. Ya miƙe yana kaɗe hannu.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "A bar ta."

Mata suka rangaɗa guɗa, har mai gadi ya baro ƙofa a guje. Baba Absalom bai yi ihu ba. Ya tashi daga kujerar a hankali, ya dubi Anti Kaneng. "Yanzu an sake ni?" Ta ce an sake shi. Ya shiga ciyawar, ya durƙusa da gwiwoyin nan da suka gaji, ya shafa ta da tafin hannu ya daɗe. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, amma abin da ya ce shi ne, "Alhaji, wa ya yi mata wannan aski? A kawo mini almakashi."

Baba, mun gode. Mun gode da sanyin ɗakunanmu, wanda ba mu tuna da kai sai ranar da ya ɗauke. Mun gode da ranakun hutunka da ka ba mu ba tare da ka gaya mana ba, ka bar mu muna cewa ai ciyawar nan ba ta da wuyar sha'ani. Sarkin lambun Mesaimeer, Allah ya kai ka Vom lafiya, ya ƙara wa gwiwoyinka ƙarfi, ya ba ka tsawon rai a ƙofar ɗakinka tare da Mama uwargidanka da jikoki.

Ku kuma 'yan'uwa da ke karanta wannan, a Doha kuke ko a wani garin da ruwa ke wuya, ku leƙa jikin bangonku ku ga abin da ke zuba a banza, ku sa masa bokiti. Ko gwangwani ɗaya ne ku shuka wani abu, ku ba maƙwabci reshe. Waɗanda kuke gida, inda sama ke yi muku ban ruwa kyauta, kada ku shafe tsakar gida duka da siminti, ku bar wa ƙasa wurin numfashi. In kuma akwai wani abu mai daɗi a unguwarku da kuka saba samu kullum, ku tambaya wa ke ɗauke da nauyinsa, tun yana kusa ku gode masa.

Asabar mai zuwa za mu shuka tumatir da alayyahu, Baba. Ka fito ka yi mana faɗa yadda ranka ke so, tun muna da kai.